Sakamakon Zaɓen 2023 a Jihar Bauchi da Matsayin Ƙuri'armu

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a babban taron mambobi, a garin Bauchi

 Muna godiya ta musamman ga waɗanda suka rufe rumfa a Muda Lawal da Wunti tun la'asar sakaliya domin su samu wannan zama, da waɗanda suka taso tun daga Yelwa da Gwallameji da Tirwun. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kwamitin zartarwa ne ya ɗora mana nauyin tattaro sakamakon babban zaɓen 2023 na wannan jiha, mu karanto shi a gabanku. Dalili kuwa shi ne ana tunkarar zaɓen 2027, ga kuma wata shawara da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu ba a yanke ta ba: shin mu dawo da rajistarmu nan Bauchi, inda muke kwana muke tashi, ko kuwa mu ci gaba da ɗaure kaya duk bayan shekara huɗu mu nufi garuruwan iyayenmu? Kamar yadda kowa ya sani, ƙungiyarmu ba ta da jam'iyya. A cikin wannan zaure akwai mai lema, akwai mai tsintsiya, akwai wanda ya dangwala wa kwando, akwai ma wanda ya rantse ba zai ƙara tsayawa layin zaɓe ba. Don haka ba mu zo tallan kowa ba. Alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC ne a hannunmu, kuma muna roƙon 'yan ajin dare su fito da fensir, domin yau za a ga amfanin lissafin da muka sha wahala a kansa.

An yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisun tarayya ranar Asabar 25 ga Fabrairu, 2023. A jihar Bauchi, Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 426,607. Bola Ahmed Tinubu na APC ya samu 316,694. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu 72,103, shi kuwa Peter Obi na LP ya samu 27,373. Wato wanda ya ci ƙasa baki ɗaya, a nan Bauchi na biyu ya zo. A kujerun majalisar dattawa uku kuwa, PDP ta ɗauki biyu: Abdul Ningi a Bauchi ta Tsakiya, Sama'ila Dahuwa Kaila a Bauchi ta Arewa. Tamu ta Kudu, wadda garin Bauchi ke cikinta, Shehu Buba Umar na APC ne ya ɗauke ta.

Zaɓen gwamna da na majalisar dokokin jiha an so a yi shi ranar 11 ga Maris, sai hukumar ta ɗage zuwa 18 ga wata domin ta sake saita na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS. Gwamna Bala Mohammed, wanda ya tsaya a PDP, ya samu 525,280. Tsohon hafsan hafsoshin sojan sama, Sadique Abubakar na APC, ya samu 432,272. Sanata Halliru Jika na NNPP ya samu 60,496. Ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ita ce 93,008. An je kotu, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da wannan sakamako ranar 12 ga Janairu, 2024.

To, jama'a, karanto lamba abu ne mai sauƙi. Bari mu ɗan juya su mu ga abin da ke ƙarƙashi.

Mutanen da ke cikin rajistar zaɓe a wannan jiha a 2023 sun haura miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. In ka haɗa ƙuri'un manyan 'yan takarar shugaban ƙasa guda huɗu, za ka samu 842,777. Ke nan a cikin kowane mutum uku masu rajista, biyu ba su fito ba. Kuma ba don rashin kati ba ne, domin a wancan lokaci Bauchi ce kan gaba a duk ƙasar nan wajen karɓar katin zaɓe. Katin yana aljihu, mai shi yana gida. Mun tuna halin da ake ciki a watan Fabrairun nan: an canja takardun naira, kuɗi sun ɓace daga hannun jama'a, mutum yana da dukiya a banki amma ba shi da na hawa acaɓa. Da yawa daga cikin mambobinmu da suka saba tafiya gida zaɓe, a wannan karo ba su samu kuɗin mota ba. Ba su yi a can ba, ba su yi a nan ba.

Bayan mako uku kacal, ƙuri'un manyan 'yan takarar gwamna guda uku suka kai 1,018,048. An samu ƙarin sama da 175,000. PDP ta ƙaru da kusan dubu casa'in da tara, APC ta ƙaru da sama da dubu ɗari da goma sha biyar. A ganinmu wannan ya nuna mutanen jihar nan sun fi ɗaukar kujerar da ke kusa da su da muhimmanci, kuma suna da gaskiya. Gwamna ne ke da makarantar sakandare, da babban asibiti, da takardar fili, da harajin shago. Mu fa? Mu da harajin shagon ke hawa kanmu, da yawa a cikinmu ranar zaɓen gwamna muna kan hanyar dawowa daga wata jiha, ko muna can mun dangwala wa gwamnan da ba zai taɓa sanin kwatar ƙofar gidanmu ta cushe ba.

Abu na biyu, mutumin Bauchi ba ya yin sak sai ya ga dama. Duba dai shiyyar Kudu: ita ce shiyyar Gwamna, amma a ranar da jihar ta ba Atiku rinjaye, ta ba ɗan APC kujerar sanata. Wannan kuwa tsohon hali ne. A 2007 guguwar Malam Isa Yuguda a ANPP ta kayar da ɗan takarar PDP mai mulki, ta kuma hana gwamna mai barin gado, Ahmadu Adamu Mu'azu, shiga majalisar dattawa. Wanda ya kayar da shi shi ne Bala Mohammed ɗin nan. A 2011 Janar Muhammadu Buhari na CPC ya samu 1,315,209 a jihar nan, Goodluck Jonathan ya samu 258,404, amma da aka zo zaɓen gwamna Yuguda ya koma kujerarsa a ƙarƙashin PDP. A 2015 ne aka yi sak, Mohammed Abdullahi Abubakar ya hau. A 2019 Buhari ya samu 798,428, Atiku 209,313, bayan mako biyu kuma jama'ar nan ɗaya suka juya wa gwamnan APC baya. (In kun lura, abin da mutum ɗaya ya samu a 2011 ya fi abin da mutum huɗu suka haɗa a 2023 nesa ba kusa ba. Wasu na cewa jama'a ne suka gaji, wasu na cewa na'ura ce ta rage aringizo. Kowa ya ɗauki wanda ya gamsu da shi.)

Abin da muke so ku riƙe shi ne, jihar da ke juyawa haka, babu ɗan siyasar da ke raina ƙuri'a ɗari a cikinta.

Zaɓen gwamna na 2019 shi ne wanda muka fi so mu daɗe a kansa, domin mun sha kawo shi misali a aji. An kaɗa ƙuri'a ranar 9 ga Maris. Da aka zo tattarawa, baturen zaɓe na jiha ya ƙi karɓar sakamakon ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa saboda hatsaniyar da aka yi a wurin tattara shi. A sauran ƙananan hukumomi 19, Bala Mohammed yana gaba da ƙuri'a 4,059 kacal. Ƙa'idar hukumar kuwa ita ce, in ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, ba za a bayyana kowa ba sai an sake a waɗannan rumfuna. Nan ne kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin kowa, har yara a layi suna tsokanar juna da ita.

Hukumar ta turo kwamiti daga Abuja ya bincika, ya gano abu biyu. Na farko, takardun sakamakon rumfuna da na mazaɓun Tafawa Ɓalewa suna nan ba su ɓace ba, saboda haka ana iya ci gaba da tattarawa. Na biyu, a ƙaramar hukumar Ningi an rubuta cewa ƙuri'un da aka soke a rumfuna huɗu sun kai 25,330, alhali ainihin lambar ita ce 2,533. Sifiri ɗaya ne ya ɗare a ƙarshe. Iyayenmu mata na ajin dare, kun tuna ranar da muka rubuta waɗannan lambobi biyu a allo muka ce a cire ƙarama daga babba? Amsar ita ce 22,797. Mutum dubu ashirin da biyu da ɗari bakwai da casa'in da bakwai waɗanda babu su, ɗigon biro ɗaya ya haife su. Ko kuskure ne ko ganganci, mu ba alƙalai ba ne. Amma duk mai hankali ya san rumfa huɗu ba za su ɗauki mutum dubu ashirin da biyar ba, kuma wanda bai iya karanta lamba ba, ko a gabansa aka rubuta sai dai ya gyaɗa kai.

An yi zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Maris, aka kammala tattarawa ranar 25. Bala Mohammed 515,113, Mohammed Abubakar 500,625. Rata 14,488. A lokacin rumfunan zaɓe a jihar nan 4,074 ne. Ku raba ku gani: bai kai ƙuri'a huɗu a kowace rumfa ba. Miji da mata da 'ya'ya biyu baligai. Ko a 2023, da rumfuna suka ƙaru zuwa 5,423 ratar kuma ta faɗaɗa, abin bai kai ƙuri'a goma sha takwas a rumfa ba. Gidan haya ɗaya a unguwar Railway ya fi haka yawan manya.

Akwai wata lamba kuma da ba a cika karantowa a rediyo ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ƙuri'un da suka lalace a duk Nijeriya sun kai 939,278. Sun fi duk abin da manyan 'yan takara huɗu suka samu a jihar Bauchi. Mutum ya yi asubanci, ya sha rana, na'ura ta tantance shi, sa'annan ya dangwala a kan layin da ke tsakanin jam'iyyu biyu, ko ya naɗe takardar tawada ba ta bushe ba ta shafi wani gida. Jam'iyyu 18 ne a kan takardar, gidajen kuma ƙanana. Wata uwarmu a aji, wadda ta haura sittin, ta gaya mana cewa tun zamanin Shagari take zaɓe amma ba ta taɓa sanin akwai haruffa kusa da hoton ba, ita dai alama take nema. Ranar da ta karanta haruffa uku na jam'iyyarta da kanta, sai da ta sa aka yi mata guɗa. Kada kowa ya yi dariya. Matan Arewa ba su samu damar zaɓe ba sai a 1976, 'yan'uwansu na Kudu kuwa tun kafin 'yancin kai suke yi. Mu da muka haura hamsin, zaɓenmu na farko a layi muka yi shi, zamanin Babangida, a tsaya bayan hoton ɗan takara a ƙirga kawuna, maƙwabcinka yana kallon inda ka tsaya. Ga wanda ake kira baƙo, wannan tsayuwa ba ƙaramar jarumta ba ce. Yanzu da ake shiga lungu a dangwala a asirce, bai kamata rashin iya riƙe takarda ya cinye mana abin da tsoro bai cinye ba.

Yanzu bari mu zo kan doka, domin har gobe akwai masu tambayarmu a ofis ko wanda ba ɗan jiha ba yana da izinin zaɓen gwamna. Yana da shi. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko wurin asali. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce mutum na iya rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito; ɗaya daga ciki ya isa. Ba a tambayar takardar indijin a wurin rajista, ba a tambayarta a rumfa. Bugu da ƙari, sashe na 177 da ya lissafa sharuɗɗan tsayawa takarar gwamna ya ambaci zama ɗan ƙasa ta haihuwa, da shekara 35, da jam'iyya, da ilimin sakandare. Babu asalin jiha a ciki. Haka ma na ɗan majalisar jiha, wanda tun 2018 aka rage shekarunsa zuwa 25. Ba muna cewa gobe wani ya buga fosta ba ne. Muna dai so a san inda katangar doka ta tsaya, da inda ta al'ada ta fara.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kundin nan ɗaya ya buɗe wata ƙofa ta baya. Sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, wanda zai kasance ɗan asalin jihar, sashe na 318 kuma ya danganta zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni. Daga nan ne takardar indijin ta samu gindin zama, har ta kai ba a shiga aikin soja ko ɗan sanda, ba a samun tallafin karatu, ba a ɗaukar aikin gwamnati sai da ita. Kowa a nan yana da labarinsa. A bara ma mun raka wani yaronmu, haifaffen garin nan, ubansa ma a nan aka yanke masa cibi, zuwa wani ofishi. Aka dube shi aka ce ya je garinsu. Ya je garin kakan nasa, can kuma aka ce ba a san shi ba, ko harshen bai iya ba. Ya dawo hannu rabbana, lokacin cike takarda ya wuce. Kungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto sukutum a kan wannan matsala tun 2006, kuma ciwon bai tsaya a jiha ɗaya ba. Abin da ake yi wa wasunmu a nan, shi ake yi wa Bahaushen da kakansa ya haƙa kuza a Jos.

Dattawanmu kan ce baƙo raɓa ne. To, wace irin raɓa ce ke shekara sittin ba ta bushe ba? Iyayen wasunmu sun zo ne da aikin layin dogo, lokacin da aka ja shi daga Kuru ya bi ta nan ya isa Maiduguri a 1964. Wasu sun zo bayan an ƙirƙiro jihar a 1976, da ake neman malamai da magina da makanikai da masu jinya. Wasu rikicin Jos na 2001 da na 2008 da na 2010 ne ya koro su, garin nan ya buɗe musu ƙofa, kuma ba za mu manta da wannan alheri ba. Ita kanta iyakar da ake auna mu da ita, tafiya take yi. Alhaji Dahiru Mohammed Deba gwamnan jihar Bauchi ne zaɓaɓɓe daga 1992 zuwa 1993. Ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka yanke Gombe, garinsa ya faɗa can. Ma'aikata da yawa sun kwana 'yan jiha, sun wayi gari baƙi, ba tare da sun matsa ko taku ɗaya ba. Malam Aminu Kano kuwa, a Makarantar Midil ta Bauchi ya koyar a shekarun 1940, a nan suka haɗu da Malam Sa'adu Zungur suka kafa dandalin muhawara da ya zama ɗaya daga cikin tushen siyasar Arewa. Babu wanda ya ce da shi ya koma Kano ya yi magana. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu. Su kansu 'yan asalin jihar nan suna da tasu muhawarar: tun 1999 duk gwamnonin daga shiyyar Kudu suka fito, mutanen ƙasar Katagum kuma sun daɗe suna ƙorafi a kan haka. Wannan tasu ce, ba mu sa baki, amma ya isa ya nuna cewa rabon kujera a jihar nan ciniki ne da ake yi da ƙuri'a.

Mun san abin da ke zuciyar da yawa daga cikinku, kuma rashin faɗarsa munafunci ne. Shekarar 2011 ce. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu, kafin a gama sanar da sakamako wuta ta tashi a jihohin Arewa. Human Rights Watch ta ƙiyasta an rasa rayuka sama da 800. A jihar nan an kashe matasa goma masu yi wa ƙasa hidima, 'ya'yan mutane da aka turo aikin zaɓe. Sai da aka ɗage zaɓen gwamna a Bauchi da Kaduna zuwa 28 ga wata. Akwai waɗanda ke zaune a wannan zaure da suka kwana a bariki, akwai waɗanda shagonsu ya zama toka. Akwai kuma, dole mu faɗa, waɗanda maƙwabtansu 'yan gari suka ɓoye su a ɗakin matansu, suka tsaya a bakin zaure suka ce sai dai a bi ta kansu. Tun daga wannan shekara ne tashoshin mota ke cika duk jajibirin zaɓe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba za mu ce da kowa ya bar iyalinsa a inda hankalinsa bai kwanta ba, kuma ƙungiya ba ta da soja da za ta ba kowa tabbaci. Abin da za mu iya shaida shi ne, an yi 2015, an yi 2019 da duk zafinta da makonni biyu na jiran sakamako, an yi 2023, garin nan bai sake ganin irin 2011 ba. 'Yan sara-suka ba su ƙare ba, amma mun je rumfa mun dawo.

Akwai kuma masu wata hujja ta daban, kuma hujja ce mai nauyi. Suna cewa: tunda takardar indijin ɗin 'ya'yanmu daga can take fitowa, dole a riƙa ganin fuskarmu a can, in ba haka ba ranar da muka je nema a ce ba a san mu ba. Wani kuma yana da gona a can, wani ɗan'uwansa ne ke takara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun yarda. Wanda ke da irin wannan dalili, kuma yana da tabbacin zai je, to ya je, Allah ya kiyaye hanya. Damuwarmu tana kan mafi yawa, waɗanda katinsu na can, jikinsu na nan, shekara goma sha biyu ba su dangwala ko'ina ba. A ajin dare mun taɓa cewa wanda ya yi zaɓen gwamna a 2023 ya ɗaga hannu; hannuwan da suka tashi ba su kai rabi ba, da muka bi ba'asi kuma yawanci maganar ɗaya ce, katin na wata jiha ne. Irin wannan kati amfaninsa ɗaya, a nuna a banki.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce Sakatare ya yi alkawarin ƙuri'a za ta kawo takardar indijin. Ba za ta kawo ba, wannan sai an taɓa kundin tsarin mulki, kuma aikin majalisun tarayya da na jihohi ne. Abin da ƙuri'a ke saya ya fi haka ƙanƙanta, amma kullum muna bukatarsa: a saurare ka. Mun sha jagorantar tawaga zuwa wurin masu neman kujera da waɗanda suka hau, a kan maganar rabon rumfunan kasuwa, da kuɗin makaranta, da filin maƙabarta, da taransifoma. Ana karɓarmu da fara'a, a ba mu ruwa. Amma tambayar da ke zuwa a ƙarshe, ko a fili ko a sakaye, ita ce: mutanenku a wace rumfa suke zaɓe, kuma su nawa ne? Ran da muka je da amsa, maganar takan yi tsawo. Ran da ba mu da ita, sai a ce za a duba. Su 'yan siyasa suna da takardar sakamakon kowace rumfa a ajiye, sun san unguwar da ta fito da wadda ta yi barci. A 2027 kuma Gwamna mai ci zai cika wa'adinsa na biyu, tsarin mulki bai ba shi damar sake tsayawa ba, ke nan kujerar za ta zama ta kowa ya iya allonsa ya wanke. A irin wannan shekara ne ake neman kowa.

Har ila yau kada mu manta da zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa. An yi a 2020, an yi a watan Agustan 2024, duka biyun jam'iyyar da ke mulkin jiha ce ta kwashe kujerun shugabanni 20. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce a sama, shi ya sa mutane ba sa fita. Amma rajistar INEC ɗin nan ce dai ake amfani da ita, kuma kansila shi ne hukumar da ta fi kusa da ƙofar gidanmu.

Saboda haka ga abin da kwamiti ke kawowa gabanku domin ku amince ko ku gyara. Wanda ke da kati na wata jiha kuma yana son dawo da shi, kada ya sake sabuwar rajista. Rajista biyu laifi ne, na'ura kuma tana kamawa, sai a soke. Sauyin wuri ake nema, a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ta intanet, mutum ya faɗi unguwarsa a ba shi rumfa mafi kusa. A dokar 2022 ana rufe karɓar irin wannan buƙata kwana 90 kafin zaɓe, a aikace kuma hukumar takan rufe tun kafin haka, don haka kada a jira sai an fara kiɗan siyasa. Ranakun wannan karo za mu liƙa su a allon sanarwa na ofis kamar yadda hukumar ta fitar. Matasanmu masu waya sun yi alkawarin zama da duk wanda bai iya ba, kyauta. Wanda aka nemi ko sisi a hannunsa ya kawo ƙara wurinmu. 'Ya'yanmu da suka cika 18 kuma a tura su su yi tasu a nan.

Na biyu, muna son kowace unguwa ta ba mu mutum biyu, namiji da mace, waɗanda suka iya karanta lamba har zuwa dubbai. Aikinsu ranar zaɓe shi ne, bayan sun kaɗa tasu, su tsaya nesa kaɗan cikin natsuwa har a ƙirga, su kwafi abin da aka liƙa a bango, su kawo ofis. Ba wakilan jam'iyya ba ne, ba ruwansu da gardama da kowa, in kuma suka ga alamar tashin hankali su kama hanyar gida. Takardun rumfa ne suka warware rikicin Tafawa Ɓalewa a 2019, mu ma muna so ranar da za mu je gaban wanda ya ci, mu je da tamu a rubuce.

Na uku ya shafi aji. Daga mako mai zuwa za mu ware daren Laraba domin lambobi da takardar ƙuri'a kawai. Mun zana samfuri a kwali, mun sayi tawada, kowa zai dangwala ya naɗe har hannunsa ya saba. Iyayenmu maza, mun lura ajin ya koma na mata. Kujerunku suna nan, kuma babu wanda zai kira sunan kowa a gaban 'ya'yansa. Wanda idonsa ya yi rauni ya sani doka ta ba shi damar zuwa da mutumin da ya amince da shi ya taimaka masa a rumfa, ba wanda wani ya zaɓa masa ba.

Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi. Duk mai kati ya tsaya ya faɗi jihar da katinsa yake da unguwar da yake zaune, ba a bukatar lambar katin, kuma ba za a tambayi kowa jam'iyyarsa ba. Shugaba, mun mayar da magana gare ka domin a ji ta bakin dattawa.